Sugan Japan da Ƙafar Babanku

Makon jiya Ummi 'yar wajen Hadiza ta zo mini da wata 'yar leda daga babban kanti a Ikeja, ta zauna tana yi mini bayani kamar ta samu 'yar aji ɗaya. Wai wannan suga ne amma ba suga ba ne, sunansa iritiritol, masu ciwon suga suna sha, kuma ba ya ɓata haƙori. Na bar ta ta gama tsaf. Sannan na ce ta lasa ta gaya mini ko harshenta ya yi sanyi. Ta lasa, ta zaro ido, wai a ina na sani. A ina na sani! Abin da ya hana ni barci tun uwarta tana sakandare. Shi ya sa a wannan babin zan tsaya a kan shekara guda, domin na gaji da jin yadda kuke ba da labarinta a tsakaninku. Kuna cewa na bar sana'ar alewa ne don babanku ya samu, na zama matar Alhaji, na fi ƙarfin zama gaban murhu. To ku zauna ku ji.

A Agege aka haife ni, a Agege aka haifi uwata, kuma a hannunta na koyi alewa tun ban kai tsawon turmi ba. A dafa suga da ruwa da ɗan lemon tsami har ya yi danƙo, a juye a faranti, in ya sha iska a rataya shi a ƙusa a yi ta ja ana ninkawa har ya yi fari fat. Ina yin iloka, ina yin gullisuwa, ina yin alewar madara. Masu talla a ƙofar makarantu wajena suke sari, masu haɗa garar amarya wajena suke zuwa, Yarabawan layinmu ba su ma san sunana ba, Iya Alewa suke kirana. Ɗan ɗakin da ke bayan kicin ɗinmu, a gidan nan na kusa da layin dogo, ba ya rabuwa da buhunan suga. Babanku Alhaji Mamman dillalin goro ne, mutum mai fara'a, mai kyauta, amma a kan zaƙi ba shi da hankali ko kaɗan. Shayinsa in ka sha sai leɓenka ya manne. Uwarsa Inna tana zaune da mu tun da tsufa ya kama ta aka ɗauko ta daga ƙauye, kuma da yake shi ne ɗanta na fari ba ta kama sunansa, sai dai ta ce "mai gidan nan".

A shekara ta biyu da soja suka sauka daga mulki abin ya fara. Ya dinga shan ruwa kamar raƙumi, ya dinga zaryar bayi, wandunansa suka yi masa yawa. Ni na lura kiyashi na taruwa a inda ya yi fitsari. Na gaya wa Sista Bilikisu, wata Bayarbiya nas mai kyamis a bakin layinmu, ta ce in kai shi asibiti ba sai gobe ba. Likita ya auna jininsa, ya ce ciwon suga ne, ya rubuta magani, ya lissafa abubuwan da zai bari. Babanku yana ta gyaɗa kai yana "To likita, in sha Allahu likita." Muna fitowa, kafin mu samu motar haya ta danfo, ya tsaya wajen mai firji ya sayi lemon kwalba mai sanyi, wai labarin ya busar masa da maƙogwaro.

Daga ranar na zama 'yar sanda a gidana. Na daina sa masa suga a shayi, sai na fara ganin ramin hannu a bakin buhu. In na jera alewa a tire na juya baya, sai layi ɗaya ya yi giɓi. Wata safiya ya fito daga wajen kicin yana gyara hula, na tare shi.

"Alhaji, mene ne wannan a gemunka?"

"Furfura ce, Maman Hadiza. Tsufa ya zo."

"Furfurar da ke narkewa in an taɓa ta?"

Ya yi dariya ya fice. Inna kuwa tana kan tabarmarta tana jin mu, ta ajiye carbi.

"Ke yarinyar nan, ki ji tsoron Allah. Namiji ya wuni a kasuwa, ki tare shi da ruwan zafi salam kamar ɗan fursuna? Ciwon suga, ciwon suga. Mu a garinmu rake muke wuni sha, wa ya mutu? Yunwa ce ke ramar da shi."

"Inna, likita ne ya ce."

"Likitan ne ya haife shi?"

Haka muka yi watanni. Ni da wa zan ji, da mai ciwon ko da uwarsa?

Ana cikin haka ƙanena Ɗanlami ya dawo daga Japan. A lokacin okada, wato acaɓa, ta cika Legas, shi kuma ya samu hanyar shigo da tsofaffin injinan babur daga can. Ya shigo mana da wani kwali a kafaɗa, cike da ledoji na wani farin abu mai ƙyalli, kamar suga sak, sai dai ƙwayoyinsa sun ɗan fi tsabta. Ya ce mutumin da yake sayen kaya a wajensa ma yana da ciwon, kuma wannan yake sha.

"Yaya, daga masara ake yin sa," in ji shi. "Su fitar da sitacin, su mai da shi ruwan zaƙi, su zuba masa wani irin yis, ɗan'uwan na burodi. Yis ɗin ya cinye zaƙin ya fitar da wannan. Sai a tace, a dafe ruwan, a busar. Harshe yana jin zaƙi, amma jiki ba ya ƙona shi. Yadda ya shiga haka yake fita a fitsari, jini bai san an yi ba."

Babanku ya ɗebi kaɗan ya zuba a harshe, ya dubi Ɗanlami.

"Kai, wannan wane irin abu ne? Kamar na tsotsi ƙanƙara."

A shayi sanyin ba ya fitowa, sai dai zaƙinsa bai kai na suga ba, sai an ƙara cokali. Ya yi ta mita, wai zaƙin yana leƙowa ne ya wuce bai zauna ba. Amma ya sha. Muka sa masa suna sugan Japan, tunda babu mai iya faɗin sunansa na gaskiya bai ciji harshe ba. Na kai wa Sista Bilikisu leda ɗaya, ta duba littattafanta, ta tambayi wani likita, ta ce babu laifi. Na yi 'yan makonni ina shaƙar iska, har na fara tunanin Allah ya kawo ƙarshen wahalata.

Hadiza, ke kika ɓallo ruwan, ko da yake ban taɓa riƙe ki da shi ba. Wata Asabar kina zaune a tsakar gida kina juya kwalin, kika ga wata takarda da aka manna da Turanci a gefen rubutun Japanawa. Kika karanta da ƙarfi don a san kina zuwa makaranta, kika ce an rubuta suga alkohol. Inna ta tambaya mece ce alkohol. Kika ce giya.

Ku tuna wane lokaci ne. Maganar shari'a tana tashe a Arewa, kowa a Agege ya zama malami, ko wajen mai nama ka tsaya sai ka ji ana fatawa. Inna ta saki salati, ta tofar da yawu, ta ce a kawo mata buta ta kurkure baki, alhali ko sau ɗaya ba ta taɓa ɗanɗana shi ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne babanku. Mutumin da ke satar alewar 'yan makaranta, nan take tsoron Allah ya sauko masa. Ya ture kofinsa gefe, fuska a natse.

"Maman Hadiza, gara ciwo ya kashe ni da in gamu da Ubangijina da giya a cikina. A kawo mini suga na halal."

Na dube shi, wallahi har wani murmushi ne ke neman kufce masa a gefen baki.

Kafin la'asar labari ya zaga layi, wai Iya Alewa tana zuba wa mijinta giyar Japan a shayi. Wata mai talla ta dawo mini da tirenta, wai uwayen yara suna tambaya ko a alewar ma ina sawa. Na ɗauki mayafi na je gidan Liman da kaina, na biya ta kyamis na jawo Sista Bilikisu. Washegari suka zauna a tsakar gidanmu, Liman a kan kujera, babanku a gefensa, Inna a bakin ƙofarta ta juya mana rabin baya. Sista ta yi bayani da Hausarta mai gauraye da Yarabanci, ta ce wannan kalmar sunan dangi ne kawai a wajen masu ilimin haɗa magunguna, abubuwa da yawa suna ɗauke da ita kuma ba su haɗa komai da abin da ake sha a mashaya ba.

"Ni tambayata ɗaya ce," in ji Liman. "Yana sa maye?"

"Ko buhu mutum ya cinye, Baba, ba zai bugu ba. Cikinsa ne dai zai gaya masa."

Babanku ya yi gyaran murya. "Allah gafarta malam, ai barin abin da ake kokwanto ya fi."

"Kuma da yis ake yin sa," Inna ta jefo daga inda take. "Kamar burukutu."

"Inna, burodin da kike jiƙawa a shayi ma da yis ake yin sa," in ji Liman.

Na ga maganar za ta yi ta zagaye har azahar. Na shiga kicin na ɗauko babban cokalin miya, na farke leda a gabansu, na dinga ɗiba ina watsawa a baki ina korawa da ruwa. Sista tana "Iya, ó tó, ya isa!" ban saurare ta ba sai da na kusa raba ledar biyu. Na zauna a kan turmi na ce to a jira, in na fara tangaɗi a kai ni kotu. Kowa ya zuba mini ido. Ban yi tangaɗi ba. Amma bayan ɗan lokaci cikina ya fara wani irin ruri, kamar jirgin ƙasa ya taso daga tashar Iddo, kowa yana ji. Liman ya sunkuyar da kai kafaɗunsa na rawa. Da ƙyar ya iya cewa halal ne, Alhaji ya ci gaba da sha. Ni ban ji ƙarshen addu'ar ba, ina bayi, kuma a can na ƙarasa wunin.

Da wannan ya lafa sai wata dabara ta zo mini. Na ce tunda matsalar buhunan da ke gidan ne, bari in koma yin alewa da sugan Japan, in huta da gadi. Na ɗora tukunya. Abin ya narke ya zama ruwa garai, na jira ya yi danƙo, bai yi ba. Na jira ya yi ja kamar yadda suga ke yi, ko alama. Na juye a faranti, kafin in ɗauko man shafawa ya daskare ya zama dutse, na taɓa da wuƙa ya tarwatse kamar gilashi. Babu abin ja, babu abin ratayawa a ƙusa. Na gwada iloka, ta fito da tsakuwa-tsakuwa a baki. Na gwada a zoɓo, da ya kwana a firji sai na tarar da shi ya koma ƙwayoyi a gindin jarka. Na ɓata ledoji masu yawa kafin in yarda. Ɗanlami ya zo ya ga ɓarnar, ya riƙe kai.

"Yaya, kin san nawa ake sayar da abin nan a can? Ko ya yi, alewar naira biyar za ki sayar da ita nawa? Na shayin Alhaji ne kawai."

Sai ga maganar ƙafa. Babanku ya taka wata wayar ƙarfe a kasuwar goro, ta huda takalminsa ta shige ƙarƙashin babban yatsa, kuma bai ji ba. Sai da na ga jini a tabarmar sallarsa. Ciwon da bai kai ƙwayar wake ba ya ƙi warkewa, ya fara ruwa, ya fara wari. Likita ya dube ni, bai ma dubi mai ƙafar ba, ya ce in sugan jininsa bai sauka ba yatsan zai tafi, in yatsa ya tafi ƙafa na iya bin sa. Ya tambaye ni me nake ba shi a gida. Ni! A cikin makon nan, da bandeji a ƙafarsa, yana ɗingishi, na kama shi a ɗakin buhuna da hannu dumu-dumu.

Ban yi faɗa ba, faɗan ya ƙare mini. Na tsaya ina kallon buhunan nan, ina kallon tukunyar da uwata ta bar mini, na gane muddin akwai suga a gidan nan sai ya kai gare shi, ko da kwaɗo goma na sa. Sallah ta kusa, ina da alkawarin garar amare har gida uku. Na aika aka kira Iya Risi, maƙwabciyarmu da ta daɗe tana so in koya mata, na sayar mata da buhunan a yadda na saya, na ba ta tukunya da farantai, na zare ƙusar daga bango na haɗa mata. Na bi gidajen amaren ɗaya bayan ɗaya ina ba da haƙuri. Uwar wata amarya ta zage ni tas a gaban 'ya'yanta, kuma ban ga laifinta ba.

Kada wanda ya ce muku abin ya zo mini da sauƙi. Tun ina budurwa ban taɓa roƙon kowa kuɗin sabulu ba, sai ga ni ina jiran Alhaji ya tashi daga barci in ce omo ya ƙare. Da hantsi, lokacin da na saba tsayawa gaban wuta, sai in rasa inda zan sa hannuna. Ƙanshin alewar Iya Risi yana tsallako katanga ya same ni a zaune. Ku kanku kuna karɓar kuɗin tara a hannuna ku je ku saya a wajenta, kuna dawowa kuna cewa tata ta fi laushi. Inna kuwa ta daina cin abincina, wai macen da ta kori zaƙi daga gidan miji ta kori albarka. Sai ta aika a sayo mata ƙosai a waje.

Duk da haka ƙafar ba ta yi kyau da wuri ba, sai da aka ba shi gado. Na yi mamaki, domin gidana babu ko ƙwayar suga, ga magani yana sha a kan idona. Ran nan Inna ta ce sai an kai ta ta ga ɗanta. Muka ɗauki tasi. A gadon da ke kusa da nasa akwai wani tela ɗan Ebute Metta, bai kai babanku shekaru ba, an yanke masa ƙafa daga ƙarƙashin gwiwa, matarsa tana yi masa fifita. Inna ta tambaye ta haɗarin mota ne. Matar ta ce a'a, suga ne, daga ɗan ƙaramin ciwo ya fara. Inna ta daɗe tana kallon wurin da zanen gadon ya lotsa.

Ranar da aka sallame shi, da yatsansa da ƙafarsa, na tarar Inna ta kwashe ragowar sugan Japan ta kai ɗakinta. Ita ke auna masa da hannunta. Ta ɗauki sandarta ta bi masu shayin bakin layin dogo ɗaya bayan ɗaya, ta ce duk wanda ya zuba wa mai gidan nan suga ba ta yafe ba duniya da lahira. Na ce alhamdu lillahi, na samu mataimakiya.

Da Juma'a ta zagayo mata suka cika gidan 'yan barka da arziki. Ina rarraba kunu sai na ji muryar Inna a tsakiyarsu.

"Ai tun farko na ce da yarinyar nan ta fitar da buhunan nan daga gidan nan. Amma yaran yanzu, sai sun ga abu da idonsu. Da ban tsaya tsayin daka ba, da yanzu wani zancen ake."

Matan suna ta "Allah ya saka miki, Inna." Na tsaya da jug a hannu, na waiwaya wajen babanku, yana kishingiɗe a bakin ƙofa ya miƙe ƙafa a kan matashi. Na zuba masa ido, ina jira.

"Haka ne, Inna," in ji shi.

Na haɗiye, na gama sallamar baƙi. Da gida ya watse, Inna ta shiga maƙwabta, na zo na tsaya a kansa.

"Haka ne, Inna? Alhaji, haka ne?"

"Yi haƙuri, Maman Hadiza. Ni na san wanda ya yi, ke ma kin sani. Bar mata wannan ɗin. In aka kunyata ta a gaban mutane, zuciya za ta yi ta koma ba ni zumar nan."

"Wace zuma?"

Ya fara gyara bandejin da babu abin da ya same shi.

Na wuce kai tsaye ɗakin Inna, abin da ban taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidan. A ƙarƙashin gadonta, bayan kwallayenta, na jawo galan na zumar ƙauye, ya wuce rabi da shanyewa, da ɗan cokali ɗaure a wuyansa da zare. Tun ranar da na fitar da buhuna take kiransa ɗaki bayan sallar asuba, wai za ta yi masa addu'a. Na zauna a bakin gadon da galan a cinya, ban san ko kuka zan yi ko dariya ba. Sannan na saka shi cikin mayafina na kai wa Liman, na ce sadaka ce daga Inna.

Sugan Japan bai kai ƙarshen shekara ba ya ƙare, Ɗanlami kuma ya daina zuwa can. Babanku ya koma shayi salam, yana sha yana yamutsa fuska yana kallona kamar ni na ƙirƙiro ciwon, haka har ƙarshen ransa, kuma da ƙafafunsa biyu ya yi ta zuwa masallaci. Ni da Inna muka ƙara shekaru a gida ɗaya, ni na yi jinyarta, a hannuna ta cika. Ban taɓa ce mata komai a kan galan ɗin ba. Ita ma, Allah ya ji ƙanta, ba ta taɓa tambayar inda ya shiga ba.